Ajiyar Keke a Rugar Jalo

Duk wanda ya girma tsakanin Azare da Katagum ya san Umara mai banda. Wanda bai san fuskata ba ya san ƙararrawar kekena. Ni na fara ɗora kwandon busasshen kifi a bayan keke na bi wannan hanya, lokacin da sauran fatake ke bin bayan jaki suna roƙonsa ya ɗaga ƙafa. In na taso daga bakin kogi da sassafe, kafin masu jakai su gama ɗaure mangala na riga na sha ruwa a Sakwa. Akwai masu cewa wani ma'aikacin En'e ya riga ni mallakar keke. Ya riga ni saye, wannan na yarda. Hawa dai ni na fara, don shi in ya ga rairayi sauka yake yi ya tura.

Ba kuma yau na fara ganin wuya ba. Babbar yunwa ta same ni da ƙuruciya, na ci abin da ba a faɗa, na tashi. Agana ta shiga gidanmu ta kwashe kowa, ni kaɗai na fito, ga zanenta nan a fuskata. Na yi dakon harsashi a yaƙin Kamaru na dawo da ƙafafuna. Wani kada ya taɓa kama ni a sha-raɓa cikin kogi, shi ya gaji ya saki. Na faɗi waɗannan ne don a san irin mutumin da tsatsa ta zo ta tsaya wa a gaba.

Abokina a wannan hanya shi ne Jalo, Bafulatani mai ruga kusa da Sakwa, daidai inda fadama ta fara. Ba ya cikin masu tashi kullum. Yana da gonar gero da ta dawa, shanunsa na kwana a saura suna ba ta taki, matarsa Mariyamu kuma tana kai nono cikin gari, inda tsohuwarta ke zaune. Shekarar agana, da mutanen gari suka kai ni wata bukka a bayan gari suka gudu, Jalo ne, yana saurayi makiyayi, yake zuwa ya ajiye mini ƙwaryar nono a bakin ƙofa ya koma. Ƙarfin jikina ne ya tashe ni, amma nonon ma ya yi nasa aikin.

Ni Babarbare ne, kakana daga Borno ya zo, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Ban taɓa isa rugar Jalo ya yi mini sannu da zuwa ba. Tun daga nesa zai ce, "Ku ɓoye nono, ga Kolejo nan," haka suke kiran Babarbare da yarensu. Ni kuma in ce, "Fulata, zo ka karɓi kayan ubangidanka." Sai a shimfiɗa tabarma a dama fura, mu zauna muna zagin kakannin juna har rana ta karkata.

Abin ya faru a shekarun yaƙin Turawa na biyu, lokacin da ko allura ta yi wuya a kanti. Na dawo daga kasuwar Azare zan koma gida Katagum, sai na tarar damina ta faɗi da ƙarfi, fadama ta cika. Ruwa iya ƙirji kafin a kai inda mai fito yake. Ban ga dalilin da zan tsoma kekena a wannan taɓo ba. Na jingine shi a jikin wani marke da ke gaban rugar.

"Ga amana na bar maka, Fulata. Jibi ko gata zan dawo. Kada kowa ya taɓa shi."

Jalo ya ce, "A shigar maka da shi bukka mana."

"Bukkar da ɗan maraƙi ke kwana? Wannan ƙarfen Ingila ne, ruwa ba ya cin sa. Abin da ke ɓata shi shi ne hannun da ya saba da hantsar saniya. Inda na jingine shi nan nake so in same shi. Ko kai kada ka taɓa."

"Na ji, Kolejo. Ko akuya ba za ta shinshina shi ba."

Na naɗe wando na shiga ruwa.

Ina isa gida ƙurkunu ya fito mini, ba a ƙafa ɗaya ba, duka biyun. Wani da ya samu irin nawa a unguwarmu har yau da sanda yake tafiya. Ni na kwanta, matata Gumsu tana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, ina kallon ruwa na zuba ta bakin indararo. Haka daminar nan ta wuce a kaina. Ban taka ƙasa da kyau ba sai da aka yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Ranar da na ji ƙafa ta ɗauke ni, ranar na kama hanya.

Na tarar da rugar cike da baƙi. An yi wa ƙanen Jalo haihuwa, surukai sun zo suna daga wajen Jama'are, an zazzauna a inuwa ana shan fura. Jalo ya hango ni ya taso yana dariya.

"Mun ce kifi ya rama abin da ka yi wa danginsa. Zo, Kolejo, zo ka ga yadda 'ya'yan halak ke riƙon amana."

Ya ja ni gindin marke, baƙi suka biyo mu. Ya kewaye bishiyar da shingen ƙaya mai kauri, irin wanda ake yi wa 'yan maruƙa saboda kura. Yana janye ƙayar yana ba da labari da alfahari. Tun ranar da na tafi hannun ɗan Adam bai sauka a kan keken ba. Da ya ga tsuntsaye suna yi masa kashi, sai ya tuna ya sha ganina ina wanke shi. Saboda haka kowace safiya yakan ɗebo ruwan rijiya a ƙwarya, ya tsaya a bayan shinge ya kwarara masa daga sama, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Rijiyar nan tasu kuwa ruwanta kanwa-kanwa ne, shi ya sa shanu ke son ta.

Da ƙayar ta buɗe na ga kekena. Baƙi na bar shi, mai sheƙi. Na same shi ja wur kamar bijimin Bororo. Duma ya yi yaɗo ya shiga ta cikin wayoyin ƙafar baya ya fita, har ya yi ɗa. Gara ta yi gini tun daga ƙasa har sirdi, ta cinye fatar ta bar ƙarfen. Sarƙa ta zama sanda guda. Na kama kan keken na jawo shi, sai ya biyo ni yana jan ƙasa, ƙafafun ba su juya ba, ya bar layi a rairayi kamar an ja mushe. Na danna ƙararrawa, harshenta ya karye ya faɗo a tafin hannuna.

Wani dattijo cikin surukan ya faɗi wata kalma a hankali da Fulatanci. Ina jin yaren. Cewa ya yi, "Ya mutu."

Na ga wurin ya yi shiru, sai na ce bari in sake shi da wasa. "To, Fulata, ka kashe dokin ubangidanka. Da wace saniyar za ka fara?"

Na tsaya ina jiran ya mayar mini. Jalo ya dubi keken, ya dubi ƙwaryar da yake kwarara ruwan da ita, tana rataye a reshe. Ya sunkuyar da kai.

"Sannu da zuwa, Malam Umara. Yaya jikin?"

Ya ɗauki sandarsa ya bi shanu. Tun muna samari bai taɓa ce mini Malam ba.

Da la'asar, bayan baƙi sun watse, Mariyamu ta kawo mini fura ta durƙusa daga gefe. Ba ta faɗin sunan mijinta, kamar yadda matansu suke.

"Ya ce mu fara haɗa kaya. Kashegarin kasuwar Sakwa za mu tashi."

"Zuwa ina?"

"Bai faɗa ba. Gabas dai."

"Dawar da ke tsaye a gona fa?"

"Ya ce a bar wa tsuntsaye."

"A kan keke, Mariyamu? Ƙarfe?"

"A kan amana. An ba shi abu yana tafiya, ya mayar da shi gawa, a gaban surukai. Ya ce ba shi da idon da zai dube ka da shi a kasuwa." Ta gyara faifan da ke kan ƙwaryar. "Tsohuwata ba za ta iya tafiya ba. In muka tashi, na gan ta ke nan."

Na san Fulani. Bafulatani zai iya kwana da yunwa a gidanka bai ce komai ba, amma in kunya ta kama shi, sai ka wayi gari ka tarar da toka da turaku. Na tashi na nufi bukkar Hammawa, ƙanen uban Jalo, shi ne babba a rugar.

"Baffa, ka hana shi."

"Da me?"

"Zan je in ce na yafe."

"Ka ƙara masa kaya ke nan. Ba a yafe wa wanda bai yi laifi ba."

"To, in ce ni na hana a shigar da shi ɗaki."

"Ya sani. Zai ce kana rufa masa asiri ne. Abin da ya mutu a hannunsa ya riga ya mutu, kowa ya gani."

Can na ce, "In bai mutu ba fa?"

Tsohon ya ɗago ya dube ni da idonsa ɗaya mai gani. "In bai mutu ba, suma ya yi. Ba wanda ke barin gonarsa don suma. Amma ba da baki ba, Kolejo. Sai ya gan shi yana gudu, kana kai."

Kasuwar Sakwa ta kusa. Mai gyaran keke yana Azare, kuma ko na kai masa, ba abin da zai musanya mini, don a shekarun nan ko noti ɗaya sai mai uwa a gindin kanti. Abin da nake da shi sifana guda ta kwance noti, da ba ta rabuwa da aljihuna, da hannuwa biyu. Na ce sun isa.

Na yanke duman, na farfasa ginin gara. Na sa Mariyamu ta kwaso mini duk tsamiyar da ta ajiye ta kunu. Na haƙa rami mai faɗi a gindin marken, na shimfiɗa ƙirgin sa a ciki don kada ƙasa ta shanye, na cika shi da ruwan tsamiya mai kauri, na kwantar da keken ta gefen sarƙa. Ba wanda ya koya mini wannan. A yaƙin Kamaru na ga wani kuku yana goge tukunya da lemun tsami, na riƙe a kaina, ga ranarsa ta zo. Da ruwan ya koma ja na ciro shi, na dirje da toka da rairayi, na juya ɗaya gefen.

Sarƙar ce ta sha jinina. Gaɓa-gaɓa na bi ta, ina ɗiga man shanu mai zafi, ina lanƙwasawa da manyan yatsu. Wata gaɓar ta saki da wuri, wata sai na ɗora ta a kan dutse na bubbuga da ƙeyar gatari. Fatar yatsuna ta saluɓe, na naɗe da tsumma na ci gaba. Man da Mariyamu ta tara na kasuwa duk ya ƙare a jikin ƙarfe. Ina juya baya karen rugar ya zo ya lashe, sai na sake sabo.

Tana tsaye tana kallona ta ce, "Ba kai ka ce ruwa ba ya cin ƙarfen Ingila ba?"

"Ruwan Ingila nake nufi. Wa ya san da rijiyarku?"

Ta rufe baki da gefen zane. Ita kaɗai ta yi dariya a rugar nan cikin kwanakin.

Jalo kuwa zai wuce da safe ya ce, "Ina kwana, Malam Umara," ya wuce da yamma ya ce, "Sannu da aiki, Malam Umara," idonsa a kan sandarsa. Bai dubi ramin ba ko sau ɗaya. A bayana ina jin mata suna kwance zana, suna sauke ciyawar bukkoki ɗaya bayan ɗaya.

Cibiyar ƙafar gaba na kewaye da garwashin kashin shanu har ta yi zafi, na tsiyaya mai, ya shiga yana ƙara yana hayaƙi, na kama taya na murɗa da dukkan ƙarfina. Ta yi wani kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, ta juya. Ta baya ta fi taurin kai, amma ni na fi ta. Feda ɗaya ta karye a hannuna, na sassaƙa icen marke na soka a madadinta. Robar cikin taya ta narke ta manne, saboda haka na cusa busasshiyar ciyawa da tsummoki har taya ta yi tauri, na ɗaɗɗaure da igiyar fata. Sirdi na naɗe da buzun akuya. Kan keken ya cije a karkace, yadda na jingine shi. Na yi ta fama har ya yarda ya juya hagu, dama kuwa sai ɗan kaɗan.

Saura birki. Sandunansa sun haɗe da mazauninsu sun zama abu ɗaya, robobin kuma sun damƙe ƙafa sun ƙi saki. Na gasa, na jiƙa, na buga, na roƙa. Ranar kasuwar Sakwa tun safe har rana ta faɗi a kansa nake. Da na ga ba zai saki ba, kuma in yana nan ƙafa ba za ta yi gudu ba, sai na sa gatari na ɓalle robobin na jefar. Hammawa yana zaune a kan buzunsa yana kallo.

"Wannan da ka cire, mene ne aikinsa?"

"Shi ke tsayar da keke, Baffa."

"To, da me za ka tsaya?"

"Ka ce sai ya gan shi yana gudu. Ba ka yi zancen tsayawa ba."

Gari ya waye an gama ɗaure kaya. Takarkarai suna tsaye a jere a kan hanyar da ta ratsa rugar, an ɗora musu tabarmi da tukwane. A kan na gaba aka ɗaure ƙoren Mariyamu cikin ragaya, manya da ƙanana, masu zane, waɗanda ta zo da su tun aurenta. Shanu sun taru a gefe. Bukkoki sun zama ƙashi, sai sanduna. Mariyamu ta dawo daga sallama da tsohuwarta, idonta ya kumbura.

Jalo ya zo ya tsaya nesa da ni kaɗan.

"Malam Umara, mu za mu ɗan matsa gaba. Allah ya sada mu da alheri."

"Kafin ka matsa gaba, matsa gefe, Fulata. Azare za ni, ka tare mini hanya."

Na ɗaga keken na tura shi zuwa kan jigawar da ke bayan rugar. Dole sai da gangara, don sarƙar tana da sauran tauri, ba za ta tashi a fili ba. Ina turawa yana kuka, ƙafar gaba da muryarta, ta baya da tata. Da na kai sama na juyo, na ga duk rugar ta zuba mini ido, har shanun. Na gyara hula, na yi bisimilla, na ɗora ƙafa.

Da farko kamar ana jan turmi. Na miƙe tsaye a kan feda na danna. Sarƙa ta yi ƙas-ƙas, ta kama, sai na ji ya saki jiki. Wanda bai taɓa hawan keke ba ba zai gane ba. Iska ta cika mini riga, ƙasa ta fara gudu a ƙarƙashina, ciyawar cikin taya tana dukan ƙashin bayana, ƙarar ƙarfe kuwa an ce har masu ɗiban ruwa a Sakwa sun ɗaga kai. Na sauko jigawar nan kamar shaho. Na wuce ta gaban Jalo, na saki hannu ɗaya na ɗaga masa, na ga bakinsa a buɗe.

Nufina in karkata dama in bi ta bayan shanu har rairayi ya tsayar da ni. Na murɗa kai, ya ƙi. Hanya ta miƙe da ni sak cikin kayan tashi. Takarkarin gaba ya ji kukan ƙarfe yana nufo shi, ya zabura ya yi tsalle gefe, ragaya ta tsinke, ƙore suka tashi sama. A gabana ga Mariyamu tsaye da hannu a ka, ga takarkari na biyu, a hagu kuma ga wani turke mai kauri da ba a tumɓuke ba. Masu ba da labarin nan suna cewa faɗuwa na yi. Ban faɗi ba. Na duba ukun, na ga turke ne kaɗai ba shi da mai kuka, na juya hagu na ba shi ƙafar gaba.

Na tashi sama, na ga rugar daga inda tsuntsaye ke ganinta, na sauko a kan ƙafar dama. Na ji ƙashin ya ce ɓas.

Da ƙura ta lafa na ga fuskoki a kaina. Mariyamu tana durƙushe cikin fasassun ƙore tana tattara sakaina, tana faɗin sunan wadda ta ba ta kowace ɗaya. Keken yana kwance can gefe, ƙafar baya a sama, tana ta juyawa ita kaɗai tana kuka.

Hammawa ya dogara sanda ya zo. Ya tsuguna ya shafa ƙaurina, ya gyaɗa kai. Ashe ɗori gadonsu ne. Sai ya nuna keken da sanda, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jalo, wannan ne abin da aka ce ya mutu a hannunka?"

Jalo ya juya. Ya je ya tsaya a kan keken yana kallon ƙafar tana juyawa. Ya daɗe a tsaye. Ya miƙa yatsa kamar zai taɓa, ya janye.

Na ce daga inda nake kwance, "Taɓa, na ba ka izini."

Ya ɗora yatsa a kan taya, ta goge shi ta tsaya. Ya sake tura ta, ta juya.

Hammawa ya ce, "Ga baƙo ya karye a ƙofarka. Wannan ƙafa ba za ta taka ƙasa ba sai an kai dawa rumbu. Za ka ɗora shi a kan sa ne ka kai shi gabas, ko za ka bar wa tsuntsaye shi ma?"

Jalo ya dubi Mariyamu da sakainarta, ya dubi sandunan bukkoki, sannan ya dube ni, ido cikin ido.

"Ka fasa wa matata ƙore. Ka firgita mini sa. Ka shanye man wata guda." Ya girgiza kai. "Wanda ya fara sayar wa Kolejo keke, Allah ya isa tsakanina da shi."

"Ɗauke ni daga rana, bawa. Ubangidanka ya gaji."

Ya juya ya ce wa samari su sauke kaya, a fara rufa bukkarsa, a nan za a kwantar da ni. Ya ce wa Mariyamu ta aika wa tsohuwarta cewa gobe za a kai nono kamar kullum. Ya ce wani ya shiga gona ya karyo karan dawa masu ƙwari na ɗori, ya duba kuma ko ta isa yanka. Daga wannan safiya ba a sake zancen gabas a rugar nan ba.

Ya sunkuya ya ciccibe ni yana ƙorafin nauyina, wai duk kifin da na ce na kai Azare a cikina yake. Ya kwantar da ni a inuwar marke, ya zauna ta wajen kaina ya danne mini kafaɗu da hannu biyu. Hammawa ya tofa addu'a a tafinsa, ya kama diddigena, ya kafa ƙafarsa a cinyata.

"Ka ciji wani abu, Kolejo."

"Ja kawai, Baffa. Kadan kogi ma ya taɓa jan wannan ƙafar."

Ya ja. Har yau akwai tsofaffi a Sakwa da ke rantsuwa sun ji ihu a wannan hantsi. Ban musa musu ba, sun ji wani abu. Keken ne, samari sun same shi suna juya ƙafar.